Tsakanin zolaya da izgili a gaban allon majigi

A ranar 24 ga watan Nuwamba na shekarar 1988, wata ƙaramar tashar talabijin mai suna KTMA da ke birnin Minneapolis a jihar Minnesota ta ƙasar Amurka ta fara nuna wani shiri wanda duk ɗan kasuwar da ya ji tsarinsa zai ce ba zai kai labari ba. Tashar tana da tarin tsofaffin finafinai a ajiye, irin waɗanda ake cike gurbin lokaci da su idan dare ya raba, sai wani matashin ɗan barkwanci mai suna Joel Hodgson ya kawo shawarar a riƙa haska su, shi kuma ya zauna a gaban allo tare da mutum-mutumi suna tsokaci a kan duk abin da ya gifta. Mai kallo a gida ba ya ganin fuskokinsu yayin da fim ke tafiya, inuwar kawunansu kawai yake hange a ƙasan allo, a kan jerin kujeru irin na gidan silima. Sunan shirin Mystery Science Theater 3000, masoyansa kuma suna taƙaita shi su ce MST3K.

Labarin da aka jingina shirin a kansa gajere ne. Wasu mugayen masana kimiyya ne suka harba wani ma'aikaci cikin kumbo zuwa sararin samaniya, suna tilasta masa kallon finafinai mafiya muni domin su gano wanda zai zautar da ɗan Adam. Shi kuma, don kada kaɗaici ya hallaka shi, sai ya harhaɗa wa kansa abokan hira daga tarkacen kumbon, biyu daga cikinsu, Tom Servo da Crow, su ne ke shiga ɗakin kallo tare da shi. Daga wannan ƙaramar tasha shirin ya koma tashar barkwanci ta ƙasa baki ɗaya a 1989, wadda daga baya ta zama Comedy Central, ya zauna a can har 1996, sannan tashar Sci-Fi ta ɗauke shi daga 1997 zuwa 1999. A tsakani ya samu lambar yabo ta Peabody ta shekarar 1993, wadda tana cikin mafiya daraja a aikin watsa shirye-shirye a Amurka, kuma a wannan shekarar ce babban marubucin shirin, Michael J. Nelson, ya gaji Hodgson a kujerar mai gabatarwa.

Na daɗe ina kallon shirin nan ta intanet, kuma sau da yawa bayan na gama dariya sai wata tambaya ta biyo baya wadda ba na iya kawar da kai daga gare ta: shin ya dace, a ma'aunin mutunci da adalci, mutum ya gina sana'arsa a kan yi wa gumin wani dariya? Mu da muka tashi muna jin aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili domin mai yiwuwa waɗanda ake yi wa ɗin sun fi masu yin alheri, ba za mu ɗauki wannan tambaya da wasa ba. Ra'ayina shi ne mafi yawan abin da shirin ya yi zolaya ce wadda ta dace, har ma ta amfani finafinan fiye da yadda shiru zai amfane su, amma akwai wuraren da ya tsallake iyaka, kuma abin baƙin ciki waɗannan wuraren ne masu kwaikwayonsa suka fi saurin ɗauka.

Kafin a yanke hukunci sai a san ina waɗannan finafinai suka fito. A shekarun 1950 Amurkawa suna cikin fargabar bam ɗin nukiliya da yaƙin cacar baka tsakaninsu da Tarayyar Sobiyet, fargabar da ta ƙaru a 1957 lokacin da Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik. A daidai lokacin kuma filayen silima na sarari, inda mutum zai shiga da motarsa ya kalli fim yana zaune a cikinta, sun yaɗu ko'ina, matasa suna tururuwa, kuma ana sayar da tikiti ɗaya a kalli fim biyu. Wannan kasuwa ta buƙaci finafinai masu yawa cikin gaggawa da arha, sai ƙananan kamfanoni suka duƙufa suna samar da labaran dodanni da burbushin nukiliya ya kumbura, da halittun wasu duniyoyi da suka zo cin ƙasa da yaƙi. An san kamfanin American International Pictures da cewa yakan fara ƙirƙiro sunan fim da hoton tallarsa, idan masu gidajen silima sun nuna sha'awa sannan a nemi marubucin da zai ƙago labarin da zai yi daidai da hoton, a ɗauki fim ɗin cikin mako biyu ko ƙasa da haka. Saurayin da ya ga ƙaton dodo a allon talla ya biya kuɗinsa, yana shiga sai ya tarar da mutum sanye da rigar roba wadda zip ɗinta ke leƙowa ta baya. A wani fim na 1957 game da manyan fari da suka afka wa birnin Chicago, an ɗora farin gaske ne a kan hoton wani dogon bene aka ɗauke su suna rarrafe, har wasunsu suka taka wurin da ya kamata a ce sarari ne. Wanda ya sayar wa jama'a irin wannan kaya, yana sane da abin da ya sayar, ba shi da hurumin ƙorafi idan jama'ar suka mayar masa da martani da dariya. A nan zolayar tana gefen mai saye ne, wanda aka karɓi kuɗinsa aka ba shi ƙaiƙayi a madadin tsaba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganina shi ne irin kallon da zolayar take buƙata. Tun bayan da shirin ya bar KTMA, inda ake faɗin abin da ya zo baki nan take, marubutansa sun koma zama a ɗaki ɗaya suna kallon fim guda sau da yawa, suna tsayar da shi daƙiƙa bayan daƙiƙa, suna rubuta ɗaruruwan tsokaci, kowanne da wurin da zai faɗa tsakanin maganganun 'yan wasa don kada ya danne labarin. Babu wani mai sharhin finafinai a jarida da ya taɓa ba waɗannan ayyuka irin wannan lokaci, kuma da yawa daga cikinsu ko waɗanda suka shirya su ba su dube su da wannan tsanaki ba. Sakamakon haka mai kallon shirin yana fita da ilimin da bai nema ba. Yana koyon gane lokacin da darakta ya rasa abin cewa sai ya cika minti biyar da tuƙin mota ko hawan dutse, yana gane hoton jiragen yaƙi da aka aro daga ma'ajiyar sojoji aka liƙa a tsakiyar labari, yana lura da inuwar rana a wurin da aka ce tsakar dare ne, da makirufon da ya sauko daga saman allo. Wanda ya san yadda fim ke lalacewa ya kama hanyar sanin yadda ake gina shi, kuma ni kaina na fi ganin ƙimar kyakkyawan aikin tace hoto bayan na shafe sa'o'i ina ganin inda rashinsa ke kai labari.

Akwai kuma batun wanda ke yin zolayar. A al'adarmu wasan da ke tsakanin taubasai, ko tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, yana da daɗi ne saboda kowa ya san babu mai kallon wani a ƙasƙance, kuma wanda ya jefa yau shi za a jefa gobe. Shirin MST3K ya fito ne daga talauci irin na finafinan da yake tsokana. Kan Tom Servo kwalbar injin sayar da alewa ce, Crow kuwa an haɗa shi da kayan wasanni da kwanonin roba irin na shagon gwanjo, bangon kumbon kuma tarkacen kayan wasan yara ne da aka manna aka shafe da fenti. Ba su taɓa ɓoye wannan ba, kuma sun ci gaba da aikinsu a wani ɗakin ɗaukar hoto a Eden Prairie ta jihar Minnesota, nesa da Hollywood, har lokacin da aka tsayar da shirin a 1999. Da a ce wani katafaren kamfani ne mai miliyoyin daloli ya zauna yana yi wa ƙananan masu fim dariya, da abin ya zama cin zali tsagwaronsa. Amma mutumin da ke riƙe da ɗan tsana na roba yana yi wa dodon roba tsiya, abokin wasa ne, kuma ana jin hakan a muryarsa. Sannan kada a manta, finafinan da ke da masu su sai da aka sayi izinin haska su aka biya, wanda hakan ya sa har yau wasu kashi-kashi na shirin suka gagara fitowa a faifai saboda ba a daidaita da masu haƙƙin mallaka ba.

Hujja mafi ƙarfi a wurina ita ce labarin wani fim mai suna Manos: The Hands of Fate. Wani mai sayar da inshora a birnin El Paso na jihar Texas, Harold P. Warren, shi ya shirya shi a 1966 da jarin da bai wuce dala 19,000 ba. Kyamarar da ya samu da hannu ake wana ta, ba ta iya ɗaukar fiye da daƙiƙa 32 a jere, kuma ba ta naɗar sauti, saboda haka daga baya ne wasu 'yan mutane ƙalilan suka ɗora muryoyin dukkan 'yan wasan. An haska shi a garin, aka yi masa dariya, ya ɓace kamar an shuka dusa. Shekara 26 babu mai ambatonsa, har zuwa Janairun 1993 da MST3K ya tono shi. Daga wannan rana fim ɗin ya samu masu kallon da bai taɓa mafarkin samu ba. A 2011 wani mai ɗaukar hoto ya ci karo da ainihin zaren fim ɗin a cikin wasu tsofaffin kaya da ya saya, jama'a suka tara masa kuɗi ta intanet ya wanke shi ya gyara, aka fitar da shi tsaf a 2015. Ƙaramar yarinyar da ta fito a ciki, wadda mahaifinta ma yana cikin 'yan wasan, ta girma ta rubuta littafi a kan yadda aka yi aikin, tana halartar tarukan masoyansa ana karrama ta. Akwai finafinai barkatai na wancan zamani da suka fi Manos kyau nesa ba kusa ba, amma zarensu ya ruɓe a ɗakunan ajiya domin babu wanda ya damu da su ko da ta hanyar dariya ce.

Masu kallon shirin ma sun nuna cewa abin da ke tsakaninsu da shi ya wuce raini. A farkon shekarun 1990, lokacin da tashar Comedy Central ba ta kai garuruwa da yawa ba, a ƙarshen kowane kashi akan rubuta kira ga masu kallo su ci gaba da yaɗa kaset-kaset ɗin da suka naɗa, sai mutane suka riƙa aika wa juna ta gidan waya. Bayan shekara 16 da tsayar da shirin, a ƙarshen 2015, Hodgson ya nemi gudunmawa ta dandalin Kickstarter, mutum sama da 48,000 suka tara fiye da dala miliyan 5.7, shirin ya dawo a Netflix a watan Afrilun 2017. Mutum ba ya zuba kuɗinsa don a sake nuna masa abin da ya tsana.

Duk da haka ba zan wanke shirin tas ba, domin akwai lokutan da kibiyarsa ta sami wanda bai ci ba bai sha ba. A 1996 an fitar da shi a matsayin fim na gidan silima, aka zaɓi This Island Earth na 1955 a matsayin abin zolaya, alhali wannan aiki ne da kamfanin Universal ya kashe wa kuɗi, mai launi, wanda masana finafinan ƙagaggen kimiyya suke girmamawa. An datse shi sosai, har ya zama fim ɗin zolayar gaba ɗayansa, da duk ƙarin wasan kwaikwayon da ke ciki, bai kai asalin fim ɗin tsawo ba. Idan ka yanke gaɓoɓin da ke haɗa labari sannan ka yi dariya cewa labarin ba ya tafiya daidai, ka yi rashin adalci, ko da tsokacinka ya ba da dariya. Kuma wannan datsewa ba a nan kaɗai ta faru ba, domin akan rage finafinan don su shiga cikin sa'o'i biyun talabijin tare da tallace-tallace.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne abin da ya sami finafinan wasu ƙasashe. Daraktan Sobiyet Aleksandr Ptushko ya shirya fim a kan Sadko, gwarzon tatsuniyar Rashawa na birnin Novgorod, fim ɗin har ya ci lambar azurfa a bikin finafinai na Venice a 1953. A 1962 'yan kasuwar Amurka suka saye shi, suka datse, suka ɗora masa muryoyin Turanci, suka sauya wa gwarzon suna zuwa Sinbad, wancan matuƙin jirgin ruwa na hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, domin su ɓoye asalinsa a zamanin da ake ƙyamar duk abin da ya fito daga Masko. Wannan gurgun kwafi ne ya faɗo hannun MST3K. Gaskiya ne masu tsokacin sun yi ta nanata cewa wannan farin mutum mai rigar sanyi ba Sinbad ba ne, wanda hakan ya tona asirin 'yan kasuwar, amma mafi yawan masu kallo sun tashi da tunanin cewa fim ɗin banza ne suka gani. Haka finafinan dodanni na Japan suka sha, waɗanda aka yi su domin yaran Japan, aka fassara su a gurguje, sannan aka yi wa fassarar dariya kamar laifin masu fim ɗin ne. Duk al'ummar da ake sanin ayyukanta ta bakin tafinta ya kamata ta ji wannan a jikinta.

Sai kuma zolayar halitta. Akwai kashin da aka shafe kusan dukkansa ana yi wa wani ɗan wasa tsiya a kan ƙibarsa da cin abincinsa, akwai inda aka taɓa fuskar mace ko tsufan dattijo. Darakta shi ya zaɓi ya ɗora fara a kan hoto, don haka ana iya tuhumarsa, amma babu wanda ya zaɓi ƙirar jikinsa. A nan ne zolaya take komawa izgilin da aka hana mu. Ko a Manos ɗin da na yaba, matashin da ya fito a matsayin baran gidan, wanda tafiyarsa ta fi komai jawo dariya, ya kashe kansa wata guda kafin a fara haska fim ɗin, yana ɗan shekara 25. Masu tsokacin ba su da hannu a wannan, amma tun da na san labarin ba na iya kallon wurin yadda nake kallonsa a da, domin na tuna cewa ɗan wasu ne ke tafiya a allon.

Abin da shirin ya haifar a bayansa ma yana da nasa aibin. Intanet ta cika da masu kwaikwayonsa waɗanda suka ɗauki dariyar suka bar tsanakin: a yanko daƙiƙa ashirin daga aikin da aka sha wahalar wata shida a kansa, a saka sautin ƙyalƙyala, a watsa, ba tare da an kalli sauran ba, ba tare da izini ba, kuma ba tare da ko sisi ya koma ga mai shi ba. Haka kuma an samu masu kallo da suka ɗauka cewa duk fim ɗin da ya tsufa abin dariya ne, suna shiga gidan silima inda ake haska tsohon aiki mai daraja suna shewa don kawai babu launi ko salon maganar ya bambanta da na yau.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san cewa Bahaushe ba ya kallon fim bakinsa a rufe, akwai mai gargaɗin jarumi cewa ga bos nan a bayansa, akwai mai lissafa harsasan bindigar da ba ta ƙarewa, kuma sau da yawa wannan surutu ya fi fim ɗin armashi. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa ma sun gano haka, shi ya sa suke cusa barkwancin da babu shi a asali. Kuma muna da namu masu ƙaramin jari da babban buri. A 2019 duniya ta ga wasu samari a Kaduna, masu kiran kansu The Critics Company, suna shirya gajerun finafinan ƙagaggen kimiyya da wayar hannu mai fasasshen gilashi da ƙyallen kore da suka rataya a bango, bayan sun koyi haɗa hoto da kwamfuta ta YouTube, har daga baya wasu manyan Hollywood, cikinsu da J.J. Abrams, suka aiko musu da kayan aiki. Ayyukansu na farko suna da kurakuran da mai neman abin dariya zai samu ba tare da wahala ba, kuma da guntayen bidiyon izgili ne suka fara riskar su kafin masu ƙarfafa musu gwiwa, ina tsoron da sun ajiye wayar tun ba a je ko'ina ba.

Saboda haka idan wata rana wasu 'yan barkwanci a Kano ko Jos ko Maraɗi suka yi niyyar kafa shiri irin wannan a kan tsofaffin finafinan Hausa, ni ina cikin masu goyon baya, muddin za su ɗauki wahalar tare da daɗin. Su nemi mai fim ɗin ko magadansa su biya su, su haska aikin cikakke ba tare da sun yanke abin da ke riƙe labarin ba, su kalle shi sau da yawa kafin su buɗe baki, su taɓa darakta da furodusa a kan abin da suka zaɓa su yi, su ƙyale jikin mutane da lafazinsu da talaucinsu. Finafinan da aka yi a kaset a shekarun 1990, a farkon tashin masana'antar Kano, da yawansu suna nan jibge a bayan shaguna da ɗakunan ajiya, zafi da ƙura suna cin zarensu, injinan kunna su kuma suna ƙarewa, kuma duk wanda zai zolaye su dole ne ya fara nemo su ya juye su zuwa kwamfuta.